Attajirin Da Ya Ajiye Sarautar Kakanninsa Don Ya Zama Firaministan Birtaniya

[Hoto: David Cameron yana shiga Downing Street, Nuwamba 2023]

Tun ranar da aka naɗa tsohon Firaministan Birtaniya David Cameron sarautar Lord a 2023 domin ya riƙe ma'aikatar harkokin waje, tambaya ɗaya ke ta yawo: in mai sarauta na iya zama minista, me ya sa aka taɓa samun wanda sai da ya tuɓe rawaninsa kafin ya mulki ƙasar? Mutumin shi ne Alec Douglas-Home.

[Hoto: gidan Hirsel, kan iyakar Sukotland da Ingila]

Nan ne gidan gadonsu, ga gonaki, ga dazuzzuka, ga tafki. An haife shi a 1903, ya yi makarantar Eton, ya wuce jami'ar Oxford, ya buga wasan kurket har matakin ƙwararru. A 1931 ya ci zaɓen mazaɓar Lanark. Yana cikin waɗanda suka raka Firaminista Chamberlain lokacin da ya je wajen Hitler a Munich a 1938. Daga baya tarin fuka ya kama ƙashin bayansa, ya kwashe kusan shekara biyu a kwance cikin filasta.

To, ku natsu, nan ne yawancin mutane ke ruɗewa.

A duk shekarun nan ana kiransa Lord Dunglass, kuma yana zaune daram a majalisar wakilai. Ta yaya? Ai sunan na girmamawa ne kawai, wanda ake ara wa babban ɗa. Kamar dai ɗan sarkin da ake kira Yarima: ana masa fadanci, amma gadon sarauta na mahaifinsa ne. A idon doka talaka ne kamar kowa, yana iya tsayawa takara.

A 1951 mahaifinsa ya rasu. A ranar nan ya gaji sarautar gidansu, ya zama Earl na Home na 14, kujerarsa ta majalisar wakilai ta suɓuce nan take, ba tare da ya faɗi zaɓe ba. Doka ta tura shi majalisar masu sarauta, ko yana so ko ba ya so, kuma babu ƙofar dawowa. Minista kam yana iya zama daga can, ya ma riƙe harkokin waje a 1960. Amma firaminista? Rabon da a yi shi daga wannan majalisa tun Lord Salisbury, wanda ya sauka a 1902. Ba a rubuta haramcin a ko'ina ba. Sai dai kuɗin ƙasa da ƙuri'ar tsige gwamnati duk a majalisar wakilai suke, shi kuwa ba shi da damar buɗe baki a cikinta.

[Hoto: Tony Benn a ƙofar majalisa]

Abin dariyar shi ne, ɗan adawa ne ya buɗe masa ƙofar. Tony Benn na jam'iyyar Labour ya gaji sarauta a 1960, aka kore shi daga kujerarsa, ya sake cin zaɓen Bristol, aka hana shi shiga, kotu ta miƙa kujerar ga wanda ya kayar. Rigimarsa ce ta haifi dokar Yulin 1963, wadda ta ba mutum damar ajiye sarautar gado.

Wata uku kacal bayan haka, Firaminista Harold Macmillan ya kwanta rashin lafiya ya yi murabus. Manyan jam'iyyarsu ta Conservative suka yi ƙus-ƙus ɗinsu, babu ƙuri'a, sunan Home ya fito. Ranar 19 ga Oktoba ya zama firaminista, ranar 23 ya ajiye sarautar. Daga nan zuwa 7 ga Nuwamba, da ya ci zaɓen cike gurbi a Kinross, Birtaniya tana da firaministan da ba shi da kujera a ko wace majalisa. Ni dai har yau wannan mako biyun yana ba ni mamaki.

[Hoto: Harold Wilson yana jawabi]

Wilson, shugaban jam'iyyar Labour, bai raga masa ba, kullum gorin Earl na 14. Home ya mayar masa cewa shi ma ai in an ƙirga, Mista Wilson na 14 ne. Amma Home ya taɓa cewa da tsinken ashana yake lissafi in an kawo masa takardun tattalin arziki, 'yan adawa kuwa suka riƙe maganar gam.

Oktoban 1964 ya faɗi zaɓe da ƙyar, Labour ta samu rinjayen kujeru 4 kawai, mulkinsa bai cika shekara ba. Kafin ya bar shugabancin jam'iyya ya tsara yadda 'yan majalisa za su riƙa zaɓen shugaba da ƙuri'a, abin da ya kawo Edward Heath a matsayin magajinsa. Ya dawo ministan harkokin waje a 1970, shekara guda bayan nan ya kori jami'an Tarayyar Sobiyat 105 bisa zargin leƙen asiri.

A 1974 ya koma majalisar masu sarauta da ya baro, wannan karon da sarautar da ba a gado. Tsohuwar kuwa ba ta mutu ba, don doka ta ce ajiyewar ta rayuwarsa ce kaɗai. Da ya rasu a Hirsel a 1995, ɗansa David ya zama Earl na 15.