Hatsin tsuntsu da inuwar bishiya: lacca a kan rigimar maƙwabta

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, iyayenmu masu unguwanni, 'yan'uwa maza da mata, na gode da kuka ba ni aron kunnuwanku.

Rigima iri biyu zan yi magana a kai yau. Ta farko, ta mutumin da yake ciyar da tsuntsaye da dabbobin da ba shi ya ajiye su ba. Ta biyu, ta abin da mutum ya shuka a farfajiyar gidansa. Zan kai ku Ingila da Indiya da Amurka, don a can ne maganar ta kai gaban majalisa da kotu har aka rubuta ta. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ƙorafin maƙwabci kashi biyu ne: wani an cuce shi ne, wani kuwa abin ne kawai bai yi masa ba. Masu sulhu da yawa suna haɗa su a kwano ɗaya, shi ya sa sulhun ba ya ɗorewa.

Mu fara da ciyarwa. A tsakiyar Landan akwai dandalin Trafalgar, wanda ya yi shekaru da yawa yana cike da dubban tantabaru, mutane suna sayen tsaba suna watsa musu, su hau musu kai da kafaɗa a ɗauki hoto. Alhazanmu da suka ga tantabarun Harami sun san irin wannan cincirindo. Da Ken Livingstone ya zama magajin gari a 2000, sai ya sa abin gaba. Aka tashi mai sayar da tsaba na ƙarshe a 2001, aka haramta ciyarwar a 2003, aka riƙa kawo shaho yana shawagi don ya firgita su. Masu tausayin tantabaru suka yi ta zanga-zanga, wasu suka koma gefen dandalin inda dokar ba ta kai ba, har sai da aka toshe wannan kafa a 2007. Birnin Venis na Italiya ma ya hana a dandalinsa na San Marko a 2008.

Na birnin Mumbai na Indiya ya fi taɓa ni. A can akwai wurare na musamman da aka ware tun da daɗewa don ciyar da tantabaru, kuma mabiya addinin Jain suna ɗaukar wannan ibada ce. A 2025 hukumar birnin ta rufe wuraren, babbar kotu ta goyi bayan hanin, saboda ƙurar busasshen kashin tantabara da gashinta tana haddasa ciwon huhu ga masu shaƙarta kullum. Aka lulluɓe shahararren wurin da ke unguwar Dadar da tamfol, masu ibada suka fito suka yayyage shi. Ku dubi wannan da kyau. Babu mugu a cikinsu. Wannan yana neman lada, wancan yana neman numfashi.

Mu ma ai muna da dalilin tausayi, mai ƙarfi kuwa. Mun san matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, mun san wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Ba na zo in ce a daina jin ƙan dabba ba, Allah ya kiyaye. Amma hatsin da ka watsa ba ya sanin inda katangarka ta tsaya. Tantabarar da ta ci a gidanka, a kan igiyar shanyar maƙwabciyarka za ta sauke, a kan rufin da ake tarar ruwan sama, a kan barkonon da aka baza. Abin da tsuntsu ya rage da rana kuma, ɓera ne zai zo ya kwashe da dare. A Landan ma ɓera abin ƙyama ne. A wajenmu ɓera shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. To ƙanzo da ragowar tuwon da ake zubawa bayan gida da sunan sadaka, a yi tunani a kansu.

Wani abin da mai ciyarwa ba ya son ji shi ne, wani lokaci shi kansa tsuntsun yake cuta. Turawan Ingila suna da son rataya wa tsuntsaye abinci a lambu ƙwarai. Tun wajen 2005 wata cuta mai kama maƙogwaro ta shiga wani ƙaramin koren tsuntsu da suke kira greenfinch. Marar lafiya zai ɗauki ƙwaya ya kasa haɗiyewa, ya tofar da ita da yawunsa a kan faranti, mai lafiya ya zo ya tsince. Haka suka yi ta mutuwa, har a 2021 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu a ƙasar. Wanda ya ɗauki nauyin ciyarwa, wanke kasko da share wurin ma nauyinsa ne.

Yanzu mu juya ga shuka, inda sau da yawa mai ƙarar ne ba shi da gaskiya. A Amurka unguwanni da yawa suna da ƙungiyar masu gidaje, wadda ke da ikon cin tara. Abin da ake so a gaban kowane gida shi ne koriyar ciyawa a aske ƙwal, iri ɗaya daga farkon layi zuwa ƙarshe. A garin Kolumbiya na jihar Meriland, wasu miji da mata suka cika gaban gidansu da furanni da tsirrai 'yan asalin yankin, don ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi su samu. Maƙwabci ya kai ƙara, ƙungiya ta ce a tumɓuke a mayar da ciyawa. Aka yi ta shari'a, aka kashe dukiya. A 2021 majalisar jihar ta yi dokar da ta hana irin waɗannan ƙungiyoyi tilasta wa mutum ciyawa zalla. Ni ina ganin majalisar ta yi daidai. Furannin nan ba su tare masa rana ba, ba su tsaga masa gini ba. Idonsa ne bai so ba, kuma abincin wani gubar wani. A 2021 ɗin dai jihar Nebada ta sa dokar cire ciyawar ado marar amfani a yankin Las Begas saboda ƙarancin ruwa. Abin da ake cin tarar mutum a kan rashinsa a wani gari, shi ake tumɓukewa a wani.

Sai dai shuka ma tana cutarwa. A Ingila akwai wata bishiyar shinge, leylandi, mai ƙara kusan mita ɗaya a shekara, ba ta zubar da ganye. Ƙasa ce da rana ke da tsada, sai maƙwabci ya wayi gari ɗakinsa ya yi duhu da tsakar rana. Dokar da aka yi a 2003, ta fara aiki a 2005, ta burge ni ta fuska biyu. Ba a karɓar ƙararka sai ka nuna ka nemi sulhu da bakinka tukuna. Sannan hukuma tana iya cewa a rage tsawo, amma ba ta cewa a sare gaba ɗaya, ba ta kuma cewa a yi ƙasa da mita 2. An cire cutar, an bar wa mai shi shingensa.

Wannan matakin ba baƙo ba ne gare mu. Abu Dawud ya ruwaito cewa Samura ɗan Jundub yana da dabino a cikin gonar wani mutumin Madina, wanda yake zaune a ciki da iyalinsa, shigowar Samura tana takura masa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi Samura ya sayar, ya ƙi. A yi masa musaya, ya ƙi. Ya bayar kyauta ya samu lada, ya ƙi. Sai a nan aka ce masa shi mai cutarwa ne, aka ba wancan izinin tumɓukewa. Ku lura sau nawa aka buɗe masa ƙofa kafin a kai ga gatari.

Iyayenmu masu unguwanni, ku ne irin wannan ke fara zuwa wa. Darbejiyar da saiwarta ta shiga ƙarƙashin katanga, mangwaron da jemagu ko balbelu suka mayar masauki har wari ya hana zaman tsakar gida, sabon gidan da aka shafe da siminti kaf, damina ta zo ruwansa duka ya kwarara zauren na ƙasa. Idan an kawo muku, kafin ku ce a yi haƙuri, ku tashi ku je ku gani. A nuna muku tsagar bangon, a nuna muku kashin a kan shanya, a nuna inda ruwan ya kwanta. Idan akwai, a sassabe reshen da ya tsallaka, a rage tsabar zuwa abin da za su cinye kafin magariba, a fitar wa ruwa hanya zuwa kwata. Idan kuwa aka rasa abin nunawa, sai dai "ai gidan ya zama kamar daji", to ku gaya wa mai ƙara da lalama cewa wannan ba hurumin hukunci ba ne.

Lokacin da aka ba ni ya cika. Mai tambaya ya miƙo, mu fara daga ɓangaren mata.