Yadda ake haɗa fayil ɗin RSS da PHP ba tare da ya lalace ba

RSS fayil ne da shafin labarai ke jera sababbin labaransa a ciki domin manhajojin karatu su ɗauka, kuma da tsarin rubutu mai suna XML ake rubuta shi. Idan kun taɓa buɗe adireshin RSS na wani shafin labarai, maimakon jerin kanun labarai sai kuka ga jan rubutu yana cewa an sami kuskure a layi kaza, to kun ga halin XML da idonku. Burauza tana haƙuri da HTML. Idan aka manta rufe wani tag, sai ta yi hasashen abin da ake nufi ta wuce. XML ba ta da wannan sassauci. Tun da ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idarta a 1998 aka tsara cewa manhajar da ke karantawa ta dakata da zarar ta ci karo da kuskure a tsari. Harafi ɗaya a cikin labari ɗaya yana iya hana labarai hamsin fita.

Aikinmu na yau shi ne shafin labarai na Hausa mai amfani da PHP da rumbun bayanai na MySQL. Muna so duk lokacin da aka nemi RSS, saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta ɗauko labarai 20 na baya-bayan nan ta rubuta XML ɗin nan take.

Yawancin masu koyo sukan fara da echo, su rubuta tag, su manna kanun labari, su rufe. Yana aiki, har ranar da edita zai sa alamar & a cikin kanu, ko adireshin labari ya zo da &page=2. A XML wannan alamar tana nufin an fara wata kalma ta musamman, don haka sai an mayar da ita &amp;. Haka < take komawa &lt;. Irin waɗannan kalmomi guda 5 kacal XML ta sani da kanta: amp, lt, gt, quot da apos. Shi ya sa &nbsp; da ke cike a rubutun HTML take karya fayil nan da nan.

Saboda haka kada ku manna rubutu da hannu. Ku bar XMLWriter, kayan aikin rubuta XML, ya yi, yana zuwa ne tare da PHP.

Ga yadda za a rubuta shirin. Layin farko shi ne header, inda muke gaya wa mai karɓa cewa abin da ke tafe application/rss+xml ne, kuma charset ɗinsa UTF-8. Sai mu ƙirƙiri XMLWriter, mu kira openUri da php://output domin rubutun ya riƙa fita kai tsaye. Daga nan startDocument da 1.0 da UTF-8. Sai startElement na rss, a ba shi version 2.0 ta writeAttribute, a buɗe channel, a rubuta abubuwa 3 da RSS ya wajabta a cikinsa: title, link da description. Sannan a zagaya kan labaran, kowanne a buɗe masa item, a zuba bayanansa da writeElement, a rufe da endElement. Duk wata & ko < da ta shiga ta writeElement, shi zai gyara ta.

Ga masu amfani da DOMDocument, wata hanyar haɗa XML a PHP, akwai tarko. Idan kuka ba createElement rubutun a matsayin abu na biyu, ba ya gyara muku &. Ku bi ta createTextNode. Haka addChild na SimpleXML yake da wannan matsala.

Yanzu haruffanmu masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar. Nan ya kamata mu ɗan daɗe, domin nan shafukan Hausa suka fi shan wahala. A UTF-8 kowannensu bayit 2 ne, ba 1 ba kamar a ko b. Matsala ta farko tana faruwa tun kafin a zo XML: idan mahaɗin PHP da MySQL yana kan latin1, ƙ za ta iso a matsayin alamar tambaya, "ƙasa" ta koma "?asa". Ku rubuta charset=utf8mb4 a layin haɗin PDO, wato layin da ke haɗa PHP da MySQL. Ku lura, utf8mb4 na ce, domin tsohon utf8 na MySQL bayit 3 ne iyakarsa, emoji kuwa 4 yake buƙata.

Ta biyu ta fi wuyar ganewa. Kuna son taƙaitaccen bayani, sai ku yanke labari a 200 da substr. Shi substr bayit yake ƙirgawa, ba harafi ba. Idan yankan ya faɗo a tsakiyar ɗ, rabin harafi ne zai rage, wanda ba UTF-8 ba ne, sai fayil ya lalace. Abin da ke rikita mutane shi ne yau ya yi aiki gobe ya ƙi, gwargwadon inda harafin ya faɗo a sabon labari. Maganin mb_substr ne, a gaya masa UTF-8.

Akwai kuma haruffan da ido ba ya gani, waɗanda sukan biyo rubutun da aka kwafo daga PDF ko Word. Cikin haruffan da lambarsu ke ƙasa da 32, XML 1.0 ta yarda da 9, 10 da 13 ne kawai. XMLWriter ba zai share muku sauran ba, sai ku tace su da preg_replace kafin rubutawa.

Kwanan wata: RSS yana bin tsarin RFC 822, kamar haka, Mon, 03 Mar 2025 14:30:00 +0100. Wannan +0100 shi ne agogon Najeriya da Nijar. Sunan rana da na wata dole su zauna yadda suke a nan ko da shafin na Hausa ne. Idan aka rubuta Litinin ko Maris, manhajar karatu ba za ta gane ba. Ku ba date alamar DATE_RSS ta gama muku. Kowane labari kuma a ba shi guid, wato shaidar da ke bambanta shi da sauran labarai, wanda ba ya canzawa, in ba haka ba duk gyaran adireshi zai sa tsohon labari ya sake bayyana kamar sabo.

Wasu sukan nannaɗe jikin labari a CDATA, wato sashen da XML ke ɗaukar abin da ke cikinsa a matsayin rubutu zalla, don HTML ya wuce. Babu laifi, amma idan ]]> ya bayyana a ciki, nan CDATA zai ƙare, sauran ya zube waje. Ni na fi ganin a bar writeElement ya gyara komai.

Sai kuskuren da ya fi cinye wa mutane lokaci, wanda ke cewa sanarwar XML ba ta farkon fayil. Layin <?xml shi ne dole ya fara fita, ko tazara ɗaya kada ta riga shi. Mai laifin yawanci wani fayil ne da aka jawo da include, aka bar layi fanko bayan ?> ɗinsa. Ku daina rufe fayilolin PHP zalla da ?>. Ku kashe display_errors a sabar da jama'a ke amfani da ita, don gargaɗin PHP guda ɗaya yana iya faɗowa tsakiyar XML.

Idan aikin ya girma, misali sitemap, wato fayil ɗin da ke jera wa Google da makamantanta adireshin duk shafukanku, lissafi ya canza. Ƙa'idar sitemap ta ƙayyade adireshi 50,000 da megabayit 50 a kowane fayil. Abin da ya haura sai a raba, a haɗa su da sitemap index. A nan DOMDocument kan cika ƙwaƙwalwa, tunda yana riƙe komai har ƙarshe, PHP kuma yakan zo da iyakar megabayit 128. XMLWriter yana rubutawa yana saki, ku dai riƙa kiran flush bayan kowane adireshi 1,000. Kuma ba sai an sake gina fayil a kowace buƙata ba. Ku rubuta shi a fayil na wucin gadi, idan ya kammala ku sauya masa suna da rename, don kada Google ta zo ta ɗauki rabi.

Kafin ku saki, ku gwada. curl -I zai nuna muku Content-Type. Ku sauke fayil ɗin ku ba xmllint --noout. Idan ya yi shiru, tsarin ya yi daidai, idan akwai matsala zai faɗi lambar layi. Ku ƙirƙiri labarin gwaji mai ɗauke da &, da <, da emoji, da ƙ a daidai wurin yanka, ku tabbatar ya fito lafiya kafin labarin gaske ya bi ta nan.