Goltzius, gwanin zane mai ƙonannen hannu

Assalamu alaikum jama'a, yau muna Haarlem a ƙasar Holland, tafiyar kusan minti 20 a jirgin ƙasa daga Amsterdam. Ruwan nan kogin Spaarne ne, ginin da ke bayana kuwa gidan tarihi na Teylers, tun 1784 ake shigarsa. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, garin ne haka.

A nan ake ajiye da wani zane na 1588: hannun dama guda, yatsu a tanƙware, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Hannun Hendrick Goltzius ne, shi ya zana abinsa. Tun yana ɗan ƙarami wuta ta ƙone shi, yatsun ba su sake miƙewa daidai ba. An haife shi a 1558, ya biyo malaminsa Coornhert zuwa garin nan a 1577.

To wace irin sana'a ce tasa? Kun san yadda ake sassaƙar ƙwarya? Kusan haka ne, sai dai a farantin jan ƙarfe. Za ka tura ƙarfe mai tsini kana yanka layi, a shafa tawada ta shige ramukan, a goge saman, a danna takarda da injin matsi. Komai a juye ake zana shi, dama ta koma hagu. Shi Goltzius layinsa yakan fara siriri, ya kumbura a tsakiya, ya sake tsukewa, da haka yake fito da ƙwanji da inuwa. Ku nemo hotonsa na gunkin Hercules, gwarzon tatsuniyoyin Girkawa, da ya gani a Roma, wanda ya zana ta baya, ku faɗaɗa shi a waya. Babu launi ko ɗis, layi ne zalla.

Amma ni abin da ya fi burge ni tsokanarsa ce. Masu sayen zane a lokacin sun nace cewa bayan Albrecht Dürer, gwanin zane na Jamus da ya rasu tun kafin a haifi Goltzius, babu sauran gwani. Abokin Goltzius, Karel van Mander, ya ba da labari a 1604 cewa Goltzius ya yi wani zane da salon Dürer sak, ya cire alamar sunansa daga kwafi ɗaya, ya turara takardar da hayaƙi ta yi kamar tsohuwa. Manyan masana suka yi ta yabo, aka saya da tsada, wai an gano ɓoyayyen aikin Dürer! Wasu za su ce yaudara ce, ni dai a ganina maganin masu raini ke nan.

Wajen 1600 Goltzius ya ajiye ƙarfen ya koma fenti, agolansa Jacob Matham ya ci gaba da riƙe shagon, almajirai irin su Jan Saenredam suka yaɗa salon. Ya rasu a 1617, aka binne shi a babban cocin Sint Bavo da ke bakin kasuwa. Cikin cocin nan ne ma ya zana a matsayin wurin da ake gani a wancan zane na tsokana, don haka ku zo mu taka can mu gwada da ido.