Giyar inabi mai ruwan goro: asalinta da abincin da ke tafiya da ita

Jama'a, barkanku da zuwa. Na san yawancinmu a zauren nan ba ma shan giya, addini ya hana. To amma mai aikin otal da ke karɓar baƙi daga ƙetare, ya kamata ya san abin da ke kan teburinsu. Yau za mu duba giyar inabi mai ruwan goro, wadda Turawa ke wa laƙabi da launin lemu, duk da ba ɗigon lemu a cikinta.

Da farin inabi ake yin ta. A farar giya, ana matse ruwan inabin a zubar da ɓawon nan take. A wannan kuwa, ana barin ruwan ya tsimu tare da ɓawon da ƙwayoyin, daga 'yan kwanaki har wata shida. Daga ɓawon launi yake fitowa, daga nan kuma bauri yake fitowa, irin wanda ke kama harshe idan ganyen shayi ya daɗe a buta. Ku riƙe baurin nan, shi ne jigon maganar.

Gidanta na asali ƙasar Jojiya ce, musamman yankin Kakheti. A kudu da Tibilisi, babban birnin ƙasar, an tono ɓaraguzan tukwane masu alamar giyar inabi na wajen shekara 6000 kafin haihuwar Annabi Isa. Har yau mutanen Jojiya suna aiki da wata babbar randa da suke kira kwebri, mai tsinin gindi, wadda ake shafe cikinta da kakin zuma a binne ta har wuya. Ƙasa ce ke riƙe mata sanyi. A makonnin farko ɓawon yana tasowa sama, sai an riƙa danna shi sau da yawa a rana. In aka bar shi ya bushe, ƙwayoyin cuta su samu wuri, giyar ta koma tsami kamar binega. Idan tsimin ya lafa sai a rufe bakin, a liƙe da yumɓu, sai bayan hunturu a buɗe. Tsinin gindin nan ba ado ba ne: can ƙwayoyin inabin ke taruwa, diddiga ta rufe su, ɗacinsu bai cika shiga ruwan ba. UNESCO ta sa wannan sana'a cikin al'adun gado na duniya a 2013. Inabin da suka fi amfani da shi su ne Rkatsiteli, Mtsvane da Kisi.

A Italiya, masu haɗa giya Josko Gravner da Stanko Radikon na ƙauyen Oslavia, a bakin iyakar Sulobeniya, su suka farfaɗo da ita a shekarun 1990 da inabin Ribolla Gialla.

Sai batun abinci. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauke ta kamar farar giya, a tsoma kwalbar cikin ƙanƙara. Sanyi mai tsanani yana kashe ƙamshin, ya ƙara wa baurin kaifi. Digiri 12 zuwa 14 ya isa.

Bauri yana kama furotin ɗin da ke cikin yawu, shi ya sa baki ke bushewa. Abinci mai maiƙo da gishiri shi ke lausasa shi. Dubi teburin mutanen Jojiya: satsibi, wato kaza ko talotalo cikin miyar ƙwayar walnat da tafarnuwa, soyayyen baƙin yalo da aka naɗe da niƙaƙƙen walnat, kachapuri, burodi cike da cuku, sai gasasshen nama. Duk suna da nauyin da zai tare ta. Dahuwar rago ta Maroko da busassun 'ya'yan itace ma tana dacewa, don giyar kanta tana da ƙamshin busasshen ɗan itace da zuma. Haka tsohon cuku mai tauri.

Inda ake faɗuwa: kifi mai laushin ɗanɗano, giyar za ta danne shi gaba ɗaya. Kayan zaƙi kuwa suna sa ta yi ɗaci. Barkono mai yawa ya fi duka ɓarna, domin barasa tana ƙara zafin yaji, bauri kuma ya bar bakin a bushe. Kayan ƙamshi irin su citta da kurkum ba su da matsala, zafin ne matsalar.

In kun ga ta ɗan yi dishi-dishi, ba lalacewa ba ce, yawanci ba a tace ta. Amma in baƙo ya ce bayan ya haɗiye yana jin wani wari kamar na ɓera, wannan aibi ne na gaske. A sauya masa kwalba.