Bishiya a Gona, Abincin Dabba da Rani

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da warhaka. Na gode da kuka ba ni wannan lokaci.

Bari in fara da wata tambaya. Me ya sa saniya take ramewa da rani alhali ga busasshiyar ciyawa da kara a gabanta, tana ci har ta ƙoshi? Amsar tana cikin tumbinta. A cikin tumbin saniya, da na tunkiya da akuya, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar da ciyawa kafin dabbar ta amfana da ita. Waɗannan halittu suna buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen kashi 7 cikin 100 na abincin, kafin su yi aikinsu yadda ya kamata. Ciyawar da ta bushe a tsaye furotin ɗinta kan faɗi ƙasa da haka sosai. Shi ya sa za ku ga ciki ya cika amma haƙarƙari a waje, nono ya ƙafe, ɗan maraƙi ya tsumbure. Ganyen wasu itatuwa kuwa, a wannan lokacin da komai ya bushe, yana nan kore shar, furotin ɗinsa ya haura kashi 20. Saiwarsu ta nutsa inda ta ciyawa ba ta kai ba. Ku ba dabba ɗan wannan ganye kaɗan a kan karan da take ci, sai karan ma ya fara yi mata amfani. Wannan shi ne ginshiƙin maganata a yau: haɗa bishiya da shuka da dabba a fili guda.

Mu ɗauki gawo. Allah ya yi wa wannan bishiya wata baiwa da ba kasafai ake samunta ba. Sauran itatuwa da damina suke fitar da ganye, shi kuwa gawo da damina yake kakkaɓe nasa. Ruwa na sauka, ya tsaya tsirara, hasken rana ya ratsa rassansa ya isa ga hatsin da ke ƙarƙashi. Ganyen da ya zubar ya ruɓe daidai lokacin da shuka ke neman taki. Rani na shigowa sai ya yi toho, ya yi inuwa, ya zubo 'ya'yansa masu kama da murɗaɗɗen kunne, dabbobi su taru suna tsinta, suna kashi a wurin. Takin kenan ya zo da ƙafarsa, ba a yi dako ba. Ga shi kuma yana cikin dangin wake, masu jawo naitirojin, wato sinadarin taki, daga iska su sa a ƙasa.

Wannan batu na naitirojin, ina so kowa ya gani da idonsa. Idan kun koma, ku tuge wake ɗaya a hankali, ku wanke saiwar. Za ku ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa a manne da ita. Ku fasa ɗaya da farce. Idan cikinsa ja-ja ne, to ƙwayoyin halittar da ke ciki suna aiki, suna haɗa wa shukar taki kyauta. Idan fari ne ko kore, aikin bai kankama ba ko ya tsaya. Duk ranar da na nuna wa manomi wannan, sai ya daina kallon harawa a matsayin ragowar amfanin gona kawai.

To, sau da yawa ma ba sai an dasa bishiyar ba. A shekarar 1983, wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi a Nijar, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa. Sai ya lura cewa 'yan tsirrai da ake sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Dabarar ba ta da wuya. Ka je gindin kututturen, ka ga toho ya fito kamar goma ko ashirin, ka zaɓi biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi, ka rage ƙananan rassan waɗanda ka bari. Da yake saiwar tsohuwa ce, girman da za su yi a shekara guda dashe ba zai kama ƙafarsa ba. Manoma suka karɓa, maƙwabci na koya wa maƙwabci, har aka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood.

Sai dai fa ba kowace bishiya ce abokiyar hatsi ba, kuma nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin masu tallar wannan harka sukan tsallake wurin. A shekarun 1970 da 1980, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta gwada shuka masara tsakanin layukan wata bishiya mai suna lusina, a riƙa sare ganyenta ana zubawa a kunya. A gonar gwaji abin ya yi kyau. A hannun manoma bai bazu kamar yadda aka yi fata ba. Dalili? Saran rassan yana faɗowa ne daidai lokacin shuka da noman farko, lokacin da manomi ba shi da hannu biyu na banza. Idan ya yi jinkiri kuwa inuwa ta danne masara. A wuraren da ruwa ke da ƙaranci kuma, bishiya da hatsi suka shiga rububin danshi, hatsi ya sha kashi. Ni a ganina duk wanda zai ba manomi shawarar dashe, to ya fara tambayarsa wa zai yi aikin, kuma a wane wata.

Ita lusinar akwai wani abu game da ita. Ganyenta na ɗauke da guba mai suna mimosin. Dabbar da ba ta saba da shi ba, idan ta ci da yawa, gashinta ya riƙa zubewa, ta daina cin abinci. Shi ya sa ake cewa kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abincinta, a kuma fara da kaɗan-kaɗan. Doki da zomo sun fi saniya jin wannan guba. Wani masani ɗan Ostireliya, Raymond Jones, ya lura cewa awakin Hawayi, wasu tsibirai na Amurka, na cin ganyen lafiya lau, ya gano ƙwayoyin halittar da ke tumbinsu ne ke karya gubar, aka kai su Ostireliya aka sa wa shanu. Yanzu a jihar Kwinsland ta Ostireliya ana kiwon shanu a manyan filayen lusina.

A tsaunukan Kenya kuma masu shanun madara sun zaɓi wata hanya. Ba su sa bishiya a tsakiyar gona ba. Sun jera wata bishiya mai suna kaliyandira a kan iyaka da bakin gangare, suna aske ta daidai ƙugu kamar shinge. Kilo 3 na ɗanyen ganyenta kan maye gurbin kusan kilo 1 na abincin shanu na kanti, kuma tushe kamar 500 kan wadatar da saniya ɗaya da ƙarin abinci tsawon shekara. Shingen ya tare zaizayar ƙasa, gonar ba ta rasa fili ba.

Ciyawar da ake shukawa musamman don dabba ma tana da nata aiki a gona. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe a Kenya ta ɓullo da wani tsari a shekarun 1990: a shuka desmodiyum, wani tsiro dangin wake, tsakanin layukan masara, a kewaye gonar da ciyawar giwa. Warin desmodiyum na korar malam-buɗe-littafin da ke haifar tsutsar kara, ciyawar giwa ta janyo shi gefe, saiwar desmodiyum kuma ta hana wuta-wuta sakat. Dukansu biyun a yanka a ba saniya. Akwai kuma lablab da sitailo, su ma dangin wake, da gamba, kowanne da irin ƙasa da ruwan da yake so.

Abu na ƙarshe, yanka a kan lokaci. Harawa ko ciyawar da za a adana, a yanke ta tana fara fure, kada a jira ta tsufa. A shanya ta a inuwa ko a rana kaɗan, a ɗaure, a ɗora a sama inda ruwa da gara ba za su taɓa ba. A ganyen ne furotin yake, saboda haka idan ka ɗauki dami ka ga ganye na zubewa sai kara kawai ya rage a hannunka, ka bar ta ta bushe fiye da kima. Kuma dashen da aka yi da damina, idan ba a killace shi ba, akuya guda ta isa ta gama da shi a rani na farko, don haka a tanadi ƙaya ko waya tun kafin a haƙa rami.

A nan zan dakata. Na ga hannuwa a can baya, bismillah, a fara da ku.