Me ya sa zane a allo yake shiga kai fiye da dogon bayani?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Bari mu fara da ɗan gwaji, ku saurara da kyau. Jini yana dawowa daga jiki ya shiga ɗakin sama na dama a zuciya, ya gangara ɗakin ƙasa na dama, daga nan a harba shi huhu ya ɗebo oksijin, ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka na ƙasa, sannan a tura shi duk jiki. To wa zai maimaita min? Na san da yawanku tun a huhu aka bar ku.

Yanzu ku kalli zanen zuciyar nan a allo. Akwati huɗu, huhu a sama, jiki a ƙasa, sai kibiyoyi. Bi da yatsa. Ban ƙara komai a kan abin da na faɗa ba fa, amma yanzu ya zauna.

Dalili shi ne abin da kai yake iya riƙewa a lokaci ɗaya ɗan kaɗan ne. A 1956 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, George Miller, ya ce wajen abu 7 ne, binciken da ya biyo baya ma ya rage su zuwa kamar 4. Ita magana kuwa wucewa take yi, kana faɗin ta biyar ta farko ta riga ta gudu, yaro yana ta kokawar riƙe jerin a kai har ba shi da sauran wurin da zai yi tunani a kai. Shi zane yana nan zaune, ya ɗauke masa wannan kayan, ido ya je ya dawo sau nawa ya ga dama. Sannan a 1971 Allan Paivio a Kanada ya kawo bayanin cewa ƙwaƙwalwa hanya biyu take ajiye abu, ta kalmomi da ta hoto, in darasi ya shiga ta duka biyun to in ɗaya ta ɓace ɗayar za ta kamo shi.

Wani lokacin ma zane yakan nuna maka abin da ba ka sani ba. Mendeleev ɗan Rasha da ya jera sinadarai a tebur a 1869, ya ga wasu gidaje babu kowa a ciki, bai cike su da ƙarya ba, ya bar su ya ce akwai masu su, ba a gano su ba ne tukuna. A 1875 aka gano wani sinadari mai suna galiyom, ya faɗa daidai ɗaya daga gidajen nan. Da a jere kawai ya rubuta su kamar lissafin suna, wa zai ga giɓin?

Wata 'yar magana a gefe, tunda na san wani zai ce ai dama wasu yara 'yan gani ne wasu 'yan ji. Wannan zancen ya yaɗu sosai amma da masana suka bi diddiginsa a 2008 ba su samu hujja mai ƙarfi cewa raba yara a haka yana ƙara musu fahimta ba. Darasin ne yake neman zane, ba irin yaron ba. Zagayen jini kowa a ajin yana buƙatar ya gan shi.

To amma ba kowane zane ne yake koyarwa ba, nan ne malamai da yawa suke zamewa. Richard Mayer na jami'ar Kalifoniya ya shafe shekaru yana gwada wannan da darussa irin yadda walƙiya take faruwa da yadda famfon keke yake aiki, kuma abubuwan da ya gano ba su da wuya. Sunan abu a rubuta shi a jikin abin, ba a sa lamba 1, 2, 3 sannan a kai fassarar can ƙasan shafi ido ya yi ta hawa da sauka ba. Kwalliyar da ba ta da aiki a cire ta, ko da ta yi kyau. Ni kuma abin da na fi gani yana kashe darasi shi ne malam ya shigo ya liƙa cikakken zane mai kibiya ashirin ya juyo ya fara bayani, shi yana kan kibiya ta farko yara kowa idonsa na wani lungu daban. Gara ka ɗauki alli ka zana a gabansu, layi ɗaya magana ɗaya, ko da hannunka bai iya zane ba, wallahi akwati karkatacce da aka ga haihuwarsa ya fi hoto mai sheƙi da ya faɗo daga sama.

Kuma zane yana iya koyar da kuskure, shiru ba tare da kowa ya lura ba. Wannan shuɗin da ake sa wa jijiyoyi a zanen zuciya, yara nawa ne suka tashi da cewa akwai shuɗin jini? Babu, ja ne duka, ɗaya dai ya fi duhu. Haka dama da hagu, a takarda a juye suke saboda kamar mutumin yana fuskantarka ne, in ba ka faɗa ba an tafi da shi a haka. Ga kuma zanen duniya tana zagaya rana da ake ja shi dogo kamar ƙwai, sai yaro ya ɗauka kusantar rana ce take kawo zafi, alhali hanyar kusan da'ira ce, duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, wajen kilomita miliyan 147, a Yuli kuma miliyan 152. Karkatar duniya ta kusan digiri 23 da rabi ce take kawo lokutan zafi da na sanyi a shekara.

Sai babban abin, wa yake riƙe da fensir? Kwafar zane daga allo aikin hannu ne kawai, yaro zai iya kwafa tsaf hankalinsa na waje. A ce su rufe littafi kowa ya zana daga kansa. Joseph Novak a jami'ar Cornell ya fito da taswirar tunani a 1972, yana son ya ga yadda yara suke haɗa abin da suka sani na kimiyya, kalmomi a akwati, layi a tsakani, kuma kowane layi sai an rubuta a kansa me ya haɗa su.

Gwada wannan gobe. Rubuta ciyawa, fara, tsuntsu, kar ka sa kibiya, ka ce su saka. Za ka ga wasu sun ja ta daga tsuntsu zuwa fara, don a wurinsu kibiya tana nufin wane ya ci wane, alhali a kimiyya hanyar da kuzari yake bi take nunawa, daga ciyawa zuwa fara zuwa tsuntsu. Kar ka yi saurin gogewa, kira mai zanen ya zo gaban allo ya faɗa wa aji me kibiyarsa take cewa.