Maggie Smith: A Ina Ta Koyi Wannan Shirun?

Tun da Maggie Smith, 'yar wasan kwaikwayon Ingila, ta rasu ranar 27 ga Satumba, 2024, tana da shekara 89, guntayen bidiyonta ba su daina yawo a wayoyinmu ba. Ga ta nan: tsohuwa da sanda, ta harari mutum, ta jefa magana ɗaya, ɗaki ya yi tsit. Wasu na cewa ai halinta ne kawai take nunawa. Wasu kuma na cewa sai da ta tsufa tauraronta ya haska. Duk an tsallake wani dogon zango na rayuwarta.

Bari mu yi sauri a nan. An haife ta a Ilford ta Ingila a 1934, ta tashi a Oxford. A 1952 ta fara hawa dandamali tana 'yar shekara 17. A 1956 tana New York. Ta karɓi Oscar, babbar kyautar fim ta Amurka, a 1970, ta sake karɓa a 1979. A 1990 ta ci Tony, babbar kyautar wasan daɓe ta Amurka. Kafin ta ɗora hular Farfesa McGonagall ta Harry Potter a 2001, ta yi kusan shekara 50 tana sana'ar.

To, yanzu ku zana wannan hoton a zuciyarku. Gidan wasa na Old Vic ke nan a Landan. A 1963 babban ɗan wasan Ingila Laurence Olivier ya ɗauke ta cikin sabuwar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ƙasa. Tsarinsu shi ne 'yan wasa ɗaya, wasanni da yawa, ana juya su. Yau ita ce Desdemona ta wasan Othello na Shakespeare, wadda mijinta ya kashe saboda kishi. Jibi kuma tana barkwanci, mutane na riƙe ciki. Babu darakta mai cewa a yanke a sake. In ka yi kuskure, a gaban ɗaruruwan mutane ka yi shi, kuma gobe da daddare za ka dawo ka gyara.

Abin da dandamali ke koyarwa shi ne lokaci. Ka faɗi magana ta biyu da wuri, dariyar ta farko ta haɗiye ta. Ka jinkirta kaɗan, ɗakin ya huce. Ba a koyon wannan a takarda, kunne ne ke koya, dare bayan dare, domin 'yan kallon Talata daban suke da na Asabar. Sannan ga murya. Dole na kujerar ƙarshe ya ji kowane harafi ba tare da ka yi ihu ba. Daga 1976 zuwa 1980 ma ta bar Landan ta tafi Stratford ta Kanada, tana fitowa a matsayin Cleopatra da Lady Macbeth a wasannin Shakespeare, alhali tana da Oscar a hannu. Ni wannan shawarar tata ta fi burge ni a kan kyaututtukan.

Mu mayar da ɗaya daga cikin guntayen bidiyon nan baya, a hankali. Shirin talabijin na Downton Abbey ne, inda take tambayar mene ne hutun ƙarshen mako, don matar da take kwaikwayo ba ta taɓa zuwa aiki ba. Kada ku saurari maganar tukuna. Ku dubi idonta. Ta juya kai. Ta jira. Sai ta faɗa, kamar da gaske take neman sani. Wannan ɗan jiran shi ne dariyar gaba ɗaya.

Kuma ku lura, ba ita ce jarumar shirin ba. Kaka ce a gefe, ta fito ta minti biyu ta tafi. Mu da muka kalli marigayiya Daso mun san irin wannan: ba labarinta ake bayarwa ba, amma ita ake jira ta shigo. Daga 2010 zuwa 2015 aka yi shirin, ya kawo mata Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, har sau uku.

Ita kanta ta ce ba ta kallon Downton Abbey, kuma a 2019 ta ce a can da Harry Potter ba ta ji kamar tana wasan kwaikwayo sosai ba. Wasu masoya sun ji zafin maganar. Ni na fahimce ta, domin a wannan shekarar, tana da shekara 84, ta koma dandamali a Landan ita kaɗai, a kan kujera, sama da awa ɗaya da rabi, tana fitowa a matsayin sakatariyar Joseph Goebbels, ministan farfagandar Hitler. Babu abokin wasan da zai tuna mata in ta manta. Da wannan wasan ta karɓi kyautar jaridar Evening Standard ta gwarzuwar 'yar wasa karo na shida.